Ni da kokowa, daga dandalin ƙauyenmu har filin Takobi

Assalamu alaikum jama'a. Ni mutumin jahar Maraɗi ne, ɗan wani ƙauye can wajen Madarunfa, kuma ɗan kokowa ne ni, ubana ma ɗan kokowa ne, duk da dai ban taɓa riƙe takobi ba, ban ma taɓa shiga cikin 'yan goman da ke wakiltar jaha ba. Abin da ya sa na ce bari in rubuta wannan shi ne gardamar da samari ke yi duk shekara in lokacin Takobi ya matso, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar da ake ba wanda ya ci takobi, wannan ya ce Isaka Isaka ya fi kowa tun da aka fara, wancan ya ce ai ba a yi kamar Kantu ba, in ka tambaye su ina aka faro abin kuma su wa suka ɗauke shi a ka kafin ya zama abin da ake kallo a tele sai ka ji shiru. To ni dai na tashi a cikinsa, ƙafata ta dama har yau tana ba da shaida, shi ya sa nake ganin ina da ɗan abin faɗa.

Kafin gwamnati ta san da kokowa mu mun san ta. A ƙauyenmu da an gama yankan hatsi an ɗaure damma an zuba a rumbu, to samari ba su da sauran aiki sai dandali. Da farin wata ake yi, bayan isha'i, makaɗa su zo da ganga su zauna gefe, 'yan mata su jeru wuri guda suna tafi, dattawa a kan tabarmi, mu yara mu ne a gaba cikin ƙura. Wani lokaci ƙauye guda ne zai aika wa wani ƙauye da goro, in suka karɓa to sun karɓi gayyata kenan, sai ka ga sun taso da yamma a ƙafa da makaɗansu da 'yan rakiya, a sauke su a gidan mai gari a ba su fura da tuwo su ƙoshi tukuna, kana a fita a gwada ƙashi. Wanda ya yi kaye abin da zai samu bai wuce goro ko ɗan kuɗin da aka liƙa masa a goshi ba, in babban wasa ne a ba shi akuya ko damin hatsi, amma sunan da zai yi ya fi wannan duka, don har neman aure yana zo masa da sauƙi.

Babana, Allah ya jiƙansa, ba dogo ba ne, gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma lauje ne makaminsa. Yadda yake yi, zai bar ka ka kama shi ka ji kamar ka samu, ya sunkuya ya manna kansa a ƙirjinka, yana jin numfashinka, da ka ɗaga ƙafa guda don ka tura shi sai ka ji ƙafarsa ta naɗe taka ta ciki, kafin ka ankara bayanka na ƙasa. Ina ƙarami ni ke riƙe masa goran ruwa da ƴar jakar da yake zuba layunsa. Ina tuna walkinsa na fatar akuya da ya sha mai har ya yi baƙi, da warinsa, da yadda innata ke ɓoye shi cikin tukunya in damina ta shigo don kada gara ta ci.

A 1975 ne gwamnatin Seyni Kunce ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, a 1974 suka karɓa, ƙasa kuma tana fitowa daga fari da yunwar da suka halaka dabbobi suka watsa mutane, to a nawa ganin sun duba ne suka ga babu wani abu da Bahaushe da Bazabarme da Babarbare duk suke yi kuma suke so kamar kokowa, suka ce bari a tara su a fili guda. Ko me mutum zai ce game da mulkin soja, wannan shawara dai ta yi kyau. Ni ina yaro sosai lokacin, abin da na riƙe shi ne dattawa sun kewaye rediyo guda a ƙofar gidan mai gari ana sauraren Muryar Sahel, sai aka ce Yakuba Ango Kantu na Maraɗi shi ya ɗauki takobi. Wallahi ranar kamar salla aka yi, Baba ya tashi tsaye yana kirari shi kaɗai kamar shi ya yi kayen, alhali ko sanin Kantu bai yi ido da ido ba. Daga ranar duk yaron da ya kayar da ɗan uwansa a bakin rijiya sai ya buga ƙirji ya ce shi ne Kantu.

Daga nan abin ya zama na shekara-shekara ana zagayawa da shi jaha-jaha, ko da yake akwai shekarun da ba a samu yi ba. Sunayen da muka tashi da su a baki su ne Salma Ɗan Rani na Dosso, Kadade na Tawa, Langa-Langa da Balla Kado na Damagaram, Kasu Kazuga shi ma na Tawa, da Naruwa Sanu. Yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, muryar mai ba da labari a rediyo da waƙar Sagalo su suka zana mana su a zuci, kowa da irin siffar da ya ba su. Yau in ka je Maraɗi filin kokowa sunan Kantu gare shi, na Damagaram Langa-Langa, na Dosso Salma Ɗan Rani, na Tilaberi Naruwa Sanu. 'Ya'yan manoma ne fa waɗannan, ba boko ne ya kai su ba, ba sarauta ba, amma ga sunansu a jikin gini gwamna na shiga yana fita ta ƙarƙashinsa. Ni duk lokacin da na wuce ta gaban filin Maraɗi na ga sunan nan sai na ji wani abu a raina.

Ga wanda bai san tsarin ba, jahohi 8 ne, Agadas, Difa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace ta kawo 'yan kokowa 10, su 80 kenan, a yi wajen kwana goma ana karawa safe da yamma, jaha da jaha. Babu zancen nauyi, ƙarami na iya haɗuwa da ƙato, kuma babu duka irin na Sanagal, kamawa ce zalla. Wurin da abin yake da zafi shi ne in ka faɗi sau ɗaya tak to kai da takobi sai baɗi, za ka ci gaba da yi wa jaharka kokowa amma sunanka ya fita daga cikin waɗanda ba su taɓa ƙasa ba. Shi ya sa kullum da dare abin da ake tambaya a majalisa shi ne saura nawa ke tsaye, yau a ce saura talatin, jibi a ce saura goma sha, har a zo kan biyu. Wanda ya yi kaye a ƙarshe a naɗa masa rawani a sa masa babbar riga a ɗora shi kan doki a miƙa masa takobi. Mutum ya shekara yana shiri, santsin ƙafa na ƙiftawar ido ya raba shi da komai. Na ga ƙato yana kuka kamar yaro a bayan fili saboda haka, kuma ban ga laifinsa ba.

Ni na fara shiga fili sosai ne bayan yunwar 1984, ina saurayi. Baba ne ya koya mini da kansa, da asuba mu fita gudu cikin rairayin gulbi, mu dawo in ɗauki buhun hatsi in yi ta zagaya gida da shi, sannan ya kama ni mu yi ta yi har rana ta ɗaga. Abin da yake yawan ce mini shi ne, "Kai yaro, ba ƙarfi ke kaye ba, ka saurari ƙafar mutum." Na daɗe ban gane ba sai da na fara jin yadda nauyin abokin karawa ke komawa ƙafa guda kafin ya kawo hari. Da rani kuma mukan tsallaka Najeriya ta Ɗan Isa mu shiga Jibiya har Katsina, wani zubin har wajen Sakkwato, mu yi ci-rani da rana, da yamma in an buga ganga mu shiga. Can ma suna da ƙarfafa ƙwarai, kuma ba wanda ya taɓa tambayata takarda a bakin fili, da ka ce daga Maraɗi kake sai a matsa maka wuri a ce bismilla.

Zancen asiri kuwa ba zan ɓoye ba, mun ɗaura. Guru a ƙugu, kambu a dantse, rubutu a gora, wani a ce kada ya gaisa da kowa da hannu ranar wasa, wani sai ya shiga fili da baya. Haka muka tarar. Yanzu da girma ya zo na zauna da malamai na ji abin da addini ya ce na bar wannan, kuma yaran da nake koya wa ina gaya musu su riƙe addu'a da atisaye da abinci mai kyau. Amma ba na zagin waɗanda ke yi, don na san abin da ke cikin zuciyar mutum in ya tsaya tsakiyar fili dubban mutane na ihu kuma ga ƙato na tahowa, kowa neman abin da zai dafa yake.

Shekarun da Labo Maikafo ke tashe a Maraɗi, farkon shekarun 1990, su ne shekarun da ni ma na fi jin ƙarfina, kuma a lokacin na shiga zaɓen da ake yi daga ƙasa, daga gunduma a tace a kai jaha a fitar da goma. Na yi kaye masu kyau har mutanen garinmu sun fara cewa bana da ɗanmu za a tafi. Sai aka haɗa ni da wani dogo daga arewacin jaha, mai dogayen hannuwa, mutumin kirki ne wallahi har yau muna zumunci. Mun daɗe muna zagaya juna, ya kama wuyana na kama ƙugunsa, na ji nauyinsa ya koma hagu sai na saka lauje irin na Baba, shi kuma maimakon ya ja baya sai ya faɗo gaba da dukkan jikinsa, ƙafata tana naɗe cikin tasa ta kafe a rairayi. Ƙarar da gwiwata ta yi har makaɗa sun ji, don gangar tsayawa ta yi. Ban ji zafi nan take ba, abin da na ji shi ne ƙafar ba tawa ba ce, na yunƙura in tashi na koma. Shi abokin karawar tawa shi ya fara tallabe ni yana cewa "Sannu ɗan uwa, sannu, wallahi ban nufa ba," yana hawaye.

A amalanken jaki aka mai da ni gida. Babu wanda ya ce a kai ni likita a ɗauki hoto, waɗanda suka shirya wasan sun ba ni ɗan abin da bai wuce kuɗin mota ba suka ce Allah ya sawwaƙe, daga nan ban sake ganin kowa ba. Maɗori aka kira ya ja ya ɗaure da karare da tsumma, ya yi iyakar saninsa Allah ya saka masa, amma ciwon a jijiya yake ba a ƙashi ba. Damina guda ban yi noma ba, Baba da tsufansa shi da ƙannena suka noma gonata, uwargida kuma lokacin tana da goyo ta sayar da awakinta biyu muka ci. Har yau in sanyi ya shigo sai na dafa bango nake tashi daga salla.

Ba don a ji tausayina na kawo wannan ba, ni Alhamdu lillahi na samu sana'a, ina sayar da hatsi a kasuwa ina rufa wa kaina asiri. Na kawo shi ne don irina suna da yawa, kuma wasu sun fi ni nisa. Akwai abokina da ya shiga 'yan goma ba sau ɗaya ba, an nuna shi a Tele Sahel, manyan mutane sun yi hoto da shi, da ƙarfi ya ƙare ya koma ƙauye da ciwon baya, ranar da na je duba shi na tarar ko kuɗin allura babu, haka ya rasu. Takobi mutum ɗaya ke ɗauka a shekara, sauran 79 fa, da ɗaruruwan da aka tace aka bari a gunduma? Su ne itacen da aka hura wutar da su, in an gama dahuwa ba mai waiwayar toka.

Duk da haka ban taɓa juya wa kokowa baya ba, ba zan iya ba. Na bi zamanin Badamasi da Balla Haruna da Kwamando a rediyo da tele. A 2005 da aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai aka saka kokowa a ciki na ji daɗi ƙwarai, na ce yau ga abin dandalinmu baƙi na kallo. Haka gasar ƙasashen CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ake kira TOLAC, inda yaranmu suka riƙa haɗuwa da 'yan Sanagal da 'yan Najeriya, can kam da ajin nauyi ake yi, kuma ta sa 'yan kokowarmu sun san akwai wani abu wai shi kilo da awo da koci. Yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO a farkon 2025 ina fata dai a samu wata hanyar da za a ci gaba da haɗuwa da maƙwabta, don ɗan kokowar da bai fita ya gamu da baƙon hannu ba bai san iyakar ƙarfinsa ba.

A 2006 da Umaru Ali Bindigau ya ɗauko mana takobi daga Difa garin Maraɗi bai yi barci ba, 'yan kabu-kabu sun cika gudro suna ta oda, ya sake ɗaukowa a 2011 daga Tilaberi. Tsakanin nan Haruna Abdu na Tawa ya yi biyu a jere, 2007 da 2008, sannan Laminu Maidaba ya zo ya ɗaukar wa Agadas a 2009 da 2010, ya zo har gidanmu Maraɗi a 2012 ya ƙara na uku muna zaune muna kallo. Ranar na shiga fili tun hantsi don samun wuri, ga rana ga ƙura ga 'yan cali-cali suna kwaikwayon 'yan kokowa da tumbinsu a waje mutane na ta dariya, kuma duk da ba namu ne ya ɗauka ba da aka ɗora shi kan doki kowa ya tashi tsaye. Wannan hali na masu kallon kokowa ina alfahari da shi, in ka yi kaye mai tsabta ko daga ina kake za a yaba maka.

Sai kuma zamanin Kadri Abdu wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Dosso. Ya fara ɗauka a Agadas a 2015, kuma a Agadas ɗin dai a ƙarshen 2023 ya cika takobi na 6, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin shi. Wannan na 2023 ba zan manta da shi ba don lokacin ana cikin takunkumin da CEDEAO ta saka wa Nijar, iyaka da Najeriya a rufe, wuta sai an ga dama, kaya sun yi tsada, amma unguwarmu aka yi karo-karo aka sayi mai aka tada janareto, tele guda mutum ya fi a ƙirga. Masu cewa wai shi ya fi su Kantu da masu cewa bai kai ba, ni ba na shiga, don ba kokowa iri ɗaya suka yi ba. Su na da daga gona suke zuwa fili, na yanzu ana kai su sansani a ajiye su makonni ana ciyar da su ana horar da su, ga alƙalai da agogo da gargaɗi in ka ƙi kamawa, ga miliyoyin sefa da kamfanoni ke zubawa. Abin da na sani shi ne yaron yana da natsuwa, ba ya gaggawa, kuma yana sauraren ƙafar mutum kamar yadda Baba ke faɗa.

Kuɗin nan sun gyara wasu abubuwa sun kuma ɓata wasu. Yau ɗan kokowa na iya gina gida ya je Makka da guminsa, wannan alheri ne ba ƙarami ba. Amma yanzu sai ka ga yaro an haife shi a wannan jaha yana yi wa waccan kokowa saboda can aka fi ba shi, kuma tsoron faɗuwa ya sa wasu sai su yi ta riƙe hannun juna suna zagaye har lokaci ya ƙare a jira alƙali ya raba da gargaɗi, mu kuwa a dandali in ka yi haka 'yan mata ne za su kore ka da waƙa. Abin da ya fi damuna ma shi ne dandalin kansa. Ƙauyenmu yanzu in an gama kaka samari sun tafi Agadas ko Libiya ko wurin haƙar zinariya, waɗanda suka rage suna kan waya, wajen iyaka kuma rashin tsaro ya sa ba a son taron dare. In babu kokowar ƙauye daga ina za a samo goman da za a kai Takobi nan da shekara ashirin?

Shi ya sa 'yan shekarun nan ni da wasu tsofaffin 'yan kokowa biyu muka gyara wani fegi bayan unguwa muka zuba rairayi muka kewaye da buhuna, duk yammacin Alhamis da Juma'a yara na zuwa. Ni ba na iya kamawa yanzu, daga kan benci nake nuna musu da sanda, nan za ka sa ƙafa, nan za ka sa kai. Sharaɗina guda ne, duk wanda zai shiga sai ya kawo jika guda a wata mu ajiye a asusu, in wani ya ji ciwo a kai shi likita a ɗauki hoto kafin a kira maɗori. Bara asusun ya yi wa wani yaro amfani da kafaɗarsa ta goce, yanzu ya warke ya dawo. Ina roƙon masu hannu da shuni da masu shirya gasa, daga gunduma har ƙasa, su yi irin wannan babba, a ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa don masu rauni da tsofaffin da suka ba da ƙarfinsu, a kuma riƙa ajiye likita a bakin fili tun daga zaɓen ƙauye ba sai a babban gari ba.

Bana akwai yara biyu cikin namu da nake sa ran kai su zaɓen gunduma in an gama yankan hatsi, ɗaya ɗan ƙanwata ne, gajere mai faɗin ƙirji, ɗayan kuma maraya ne da ke taya ni awo a kasuwa. Uwar ɗan ƙanwar tawa ta ce mini "Yaya, ka ga yadda taka ƙafar ta ƙare," na ce mata na gani, shi ya sa zan bi shi da kaina kuma da kuɗin likita a aljihuna. Ta yarda amma ta ce sai an gama biyan kuɗin lakkal ɗinsa tukuna, kuma mun shirya a kan haka.